Shaida da Mai Shaida: Imani da Hujjar Kimiyya a Ƙasar Gidan Sori

Tsakure

Maƙalar ta ɗauki ƙasar Gidan Sori, a gundumar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi, tare da ƙasashen Agye da Gazawa na jihar, don duba yadda Musulmin karkara yake karɓar hujjar kimiyya ko yake ture ta. Abin da take son tabbatarwa shi ne, mafi yawan rigimar da ake kira rigimar addini da kimiyya a wannan yanki rigima ce a kan mai kawo shaida: wane ne shi, me ya taɓa aikatawa, kuma ana iya bin diddigin maganarsa? An bi batun ta kan itatuwan gona da allurar rigakafi, sannan ganin jinjirin wata, inda saɓanin ya fi tsanani.

Gabatarwa



Duk lokacin da aka tayar da zancen addini da kimiyya a ɗakin taro irin wannan, sai a ɗauko shari'ar da cocin Roma ya yi wa Galileo a 1633, ko ƙurar da littafin Darwin ya tayar a 1859, a auna mutanenmu da su. Wannan tarihin Turai ne, kuma yana da nasa dalilan. Manomin Gidan Sori bai taɓa kasa barci a kan ko ƙasa ce take zagaya rana ba. Yana haɗuwa da kimiyya ne a gonarsa, da jikin ɗansa, da kuma yammacin ranar 29 ga watan azumi. Can ya kamata mu bi shi.

Ƙasar da nake magana a kanta ƙasar Gobirawa ce da Katsinawan Maraɗi, jigawa mai yashi, inda ake noma gero da dawa da wake da gyaɗa da ruwan damina ɗaya, wanda yawanci yake tsakanin milimita 400 da 600 a shekara. Mutanenta Musulmi ne mabiya Malikiyya. Akwai 'yan ɗariƙa, akwai 'yan Izala, akwai kuma ragowar al'adun Anna da bori waɗanda suka daɗe da gindi a Tibiri da kwarin Gulbin Maraɗi. Duk almajirin da ya bi karatun zaure, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Risala har ya kai Muhtasar, ya iske babi guda a kan shaida: wa ake karɓar maganarsa, wa ake ƙi, yaya ake tantance adalcin mutum kafin alƙali ya gina hukunci a kan abin da ya faɗa. Masu ilimin hadisi sun fi kowa tsanani a nan, domin ba sa duban magana sai sun dubi mutanen da ta biyo ta hannunsu ɗaya bayan ɗaya. Al'ummar da aka rena da wannan karatu ta san hujja. Abin da take yi wa likita da malamin gona shi ne abin da aka koya mata ta yi wa kowane mai ruwaya.

Fari, addu'a da kututture

Bayan farin 1973 da 1974, da na 1984 wanda mutanen wannan yanki suke kira El-Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya a zamanin mulkin Buhari, bayani iri biyu ya yaɗu. A kan mumbari an ce zunubanmu ne: tauye mudu, hana zakka, zalunci. A ofisoshi an ce manomi da makiyayi ne suka cinye dajin. A 1975 wani masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo bayanin cewa ƙasar da aka yi wa ƙwalƙwal tana mayar da hasken rana sama, wannan kuma yana rage haɗuwar hadari. Bayanan biyu ba su fito daga tushe ɗaya ba, amma a kan mutum ɗaya suka sauke laifi, wato talakan da ya binne 'ya'yansa a wannan yunwa.

Na kimiyyar bai tsaya a inda yake ba. Tun 1986 masu bincike a Ingila suka fara danganta farin Sahel da sauyin zafin ruwan teku, sannan a 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa zafin tekuna shi kaɗai ya isa ya bayyana mafi yawan hawa da saukar ruwan Sahel a ƙarni na 20. Abin da ya hana ruwa sauka a Gidan Sori yana can nesa, a tekun Atlantika da tekun Indiya. Wannan gyaran kai shi ne babban abin da kimiyya take da shi, kuma ya kamata masu ita su riƙa faɗa wa manoma cewa sun taɓa ɗora musu laifin da ya fi ƙarfinsu.

Roƙon ruwa bai shiga wannan rigima ba. Mutumin da ya fita bayan gari ya yi sallar roƙon ruwa shi ne kuma ya yi binne tun kafin ruwan farko, ya lura da zuwan shamuwa, ya ga gawo ya fara zubar da ganye, ya tona ƙasa da hannu ya ga ko laima ta kai zurfin da za a yi shuka. Duk wannan karanta alamu ne, kuma babu malamin da ya kira shi shiga gaibu. Hasashen damina da cibiyar AGRHYMET ta Yamai take fitarwa, wadda aka kafa a 1974, karanta alamu ne shi ma, sai dai alamun suna teku. Inda ake samun tangarɗa shi ne idan mai fassara a rediyo ya mayar da "ana kyautata zato" ya koma "za a yi". Da ya faɗi haka, ya yi da'awar abin da masanin bai yi ba, ya kuma ba mai wa'azi dalilin tsawatarwa.

Labarin itatuwa ya fi wannan daɗi. Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ne, ma'aikacin mishan ɗin SIM, wanda ya zo Maraɗi a farkon shekarun 1980 don dashen itace. Dashen bai yi ba: rana da iska da awaki da gara suna kashe mafi yawan abin da aka dasa. A 1983, bisa ga abin da shi kansa ya sha faɗa, ya tsaya a hanya don rage iskar tayar mota saboda yashi, ransa a ɓace, ya yi addu'a, sai ya dubi wani ɗan tsiro da ya saba wucewa ya gane cewa toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Shi yana ganin an amsa addu'arsa. Masanin tsirrai zai ce ya lura da siffar ganye. Ban ga dalilin da zai sa a tilasta wa mutum zaɓen ɗaya daga ciki ba, tunda abin da ya biyo baya an gwada shi a gona, kuma gona ba ta tambayi addinin kowa ba.

Aikin da ya fito daga wannan, wanda ake kira sassabin zamani, ba shi da wuya. Lokacin sharar gona, manomi yakan iske kututturen sabara ko kalgo ko taramniya ya fitar da tsirrai goma ko ashirin. A da sai ya sare su duka ya ƙone. Yanzu sai ya durƙusa ya zaɓi biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran da lauje ko gatari mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage, ya rage rassan ƙasa har zuwa rabin tsawon tsiron. Wani yakan ɗaura tsumma a jiki don mai neman itacen wuta ya san yana da mai shi. Saiwar da ta shekara ashirin tana ciyar da tsirrai ashirin sai ta koma ciyar da uku, kuma cikin 'yan shekaru sun fi mutum tsawo.

A yunwar 1984 an haɗa wannan aiki da rabon abinci a ƙauyuka kusan 100. Rinaudo ya ce da rabon ya ƙare, an sare wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan da aka raya. Ba wa'azi ne ya sa aka sare su ba. Manomi ya gaji cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share fes, malaman gona na gwamnati ma haka suka koyar, kuma dokar daji tun ta Faransawa ta 1935 da ta 1974 ta sa itace ya zama na hukuma, har mutum yana iya biyan tara a kan reshen da ya sara a gonar ubansa. Wanda ya bar itace a gonarsa ya jawo wa kansa ma'aikacin gandun daji. Amma kashi ɗayan da ya rage ya isa shaida. Maƙwabci ya ga yashi bai binne shukar mai itace ba, ya ga matarsa ba ta yin nisa neman makamashi, ya ga geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili kauri. Gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa taki, dabbobi kuma suna kwana a gindinsa da rani suna cin 'ya'yansa. Gani ya kori ji. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye mutanen gari suka kafa kwamitocin tsaron itace, da mata da Fulani makiyaya a ciki, kuma dokar daji ta 2004 ta sassauta wa manomi.

Abin lura shi ne masana sun zo a makare. Sai a tsakiyar shekarun 2000, da Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka kwatanta hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam, aka ƙiyasta cewa an raya itace kimanin miliyan 200 a hekta miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Shekara ashirin manoma suna riƙe da hujjar kafin ta shiga mujallu. Kirista ɗan mishan ne ya yaɗa dabarar a cikin Musulmi masu kishin addininsu, kuma wannan bai hana ta bazuwa ba, domin kowa yana iya gwada ta a kusurwar gonarsa ya ga sakamako da idonsa. Hujjar da mutum zai iya bincika da kansa ba ta buƙatar adalcin mai kawo ta.

Allurar da ba a ganin cikinta

Rigakafi ba haka yake ba. Uwa ba ta iya duba abin da ke cikin kwalba. Idan maganin ya yi aiki, abin da za ta gani shi ne babu abin da ya faru: yaro bai shanye ba, bai sanƙare ba. Hujjar tana cikin lissafin dubban yara da ba ta san su ba, a hannun mutanen da ba ta taɓa gani ba. A nan babu makawa sai an dogara da mai ruwaya, kuma a nan ne tambayar adalci take tasowa da ƙarfinta.

To me mutanen wannan yanki suka sani game da masu ruwayar? A annobar sanƙarau ta 1995 an kawo wa Nijar gudummawar allura daga Najeriya, aka yi wa mutum fiye da 50,000, daga baya ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura ba ta narkewa yadda ya kamata, bincike ya nuna jabu ce, babu magani a cikinta. A 1996, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara 200 masu sanƙarau. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, shari'a ta ja har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kano da Maraɗi kasuwa ɗaya suke ci, rediyo ɗaya suke saurare, aure yana haɗa su. Abin da aka faɗa a Kano da safe yana Gidan Rumji kafin la'asar.

Saboda haka da jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, zancen ya iske ƙasa a jiƙe. Ina so mahalarta su lura da irin harshen da aka yi wannan gardama da shi. Wanda ya fi kowa ɗaga murya, Dakta Datti Ahmed na majalisar ƙoli ta shari'a a Najeriya, likita ne. Bai ce rigakafi haramun ne don ya saɓa wa ƙaddara ba. Cewa ya yi an gurɓata maganin da sinadarin hana haihuwa. Wannan da'awa ce da ake iya aunawa a ɗakin gwaji, kuma a can aka kai ta: aka kafa kwamitoci, aka tura tawaga Afirka ta Kudu da Indiya da Indonesiya. Kano ba ta koma ba sai a ƙarshen Yulin 2004, bayan an kawo magani daga kamfanin Bio Farma na Indonesiya, ƙasar Musulmi. Maganin iri ɗaya ne da na da. Hannun da ya miƙo shi ne ya canja. A watan Oktoba na shekarar aka ɗiga wa 'yar gwamna Ibrahim Shekarau maganin a bainar jama'a, wanda shi ne mafi girman tazkiyyar da uba zai iya bayarwa.

Ina faɗin wannan ba don in wanke masu ƙauracewar ba. Dalilin zarginsu gaskiya ne, amma abin da suka gina a kansa ƙarya ne, kuma yara ne suka biya. Cutar ta tsallaka iyaka, jihar Maraɗi tana cikin inda ta fi taɓawa a Nijar, ta kai Sudan da Yaman, har Indonesiya ɗin kanta a 2005. Samarin da suke jan jiki a kasuwanninmu yau, wasunsu 'ya'yan waɗannan shekaru ne. A Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano, kusan dukansu mata. Wanda ya yaɗa zargi ba tare da tabbaci ba ya karya ƙa'idar da addininsa ya gindaya masa ta bincika labari kafin ya ɗauka. Ma'aunin adalci bai tsaya a kan likita kaɗai ba, yana hawa kan mai wa'azi da mai tura saƙon murya ta WhatsApp.

Malamai kuwa ba su rasa abin dogaro ba. Sayyidina Umar, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, ya yi shawara ya juya da jama'arsa daga Sarg, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi sai ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddara take. Ibn al-Khatib na Garnaɗa, bayan annobar 1348, ya kafa hujja da abin da aka gani a gidaje da jiragen ruwa cewa cuta tana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon ido da basir. Kowane maniyyaci daga Maraɗi yana miƙa hannu a yi masa allurar sanƙarau kafin ya hau jirgi, ba a taɓa jin ya ce ta taɓa tawakkalinsa ba.

Abin da ya juya al'amarin shi ne gyaran silsila. A Nijar aka jawo sarakunan gargajiya da limamai, a Najeriya Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya jagoranci sarakunan Arewa tun 2009. Mai ɗiga maganin ta zama 'yar unguwa wadda aka san gidan ubanta. Tana shiga gida da akwatin sanyi a kafaɗa, ta fito da 'yar kwalba, ta ɗiga biyu a bakin yaro, ta shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsa, ta yi alama da alli a bango. A jikin kwalbar akwai ɗan da'ira mai murabba'i a tsakiya. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske maganin yana da kyau, idan zafi ya taɓa shi sai ya yi duhu, a zubar. Wannan kaɗai ne ɓangaren hujjar da uwa za ta iya gani da idonta, kuma ina ganin kuskure ne a ce ba a nuna mata shi a kowane gida. A Fabrairun 2006 aka cire Nijar daga jerin ƙasashen da cutar ta yi kaka-gida, sannan ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayar shan-inna ta daji ta ƙare a yankin Afirka.

Akwai wata tambaya da iyaye suka daɗe suna yi, wadda ba ta addini ba ce kuma ba ta jahilci ba: me ya sa ake bin mu gida da maganin cutar da ba mu cika gani ba, kyauta, alhali zazzaɓin da yake kashe mana yara kowace damina sai mun saya? Amsa mafi gamsarwa da aka ba su aiki ne. A 2013 aka fara raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro wata-wata a lokacin damina, kuma Gidan Rumji tana cikin wuraren da aka fara. Haka allurar MenAfriVac, wadda aka fara a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010, ta kusan shafe sanƙarau nau'in A. Da wani nau'in, C, ya ɓarke a 2015, duk wanda aka gaya wa cewa allurar ta raba shi da sanƙarau har abada yana da haƙƙin ya ji an yaudare shi. Mai shaidar da ya faɗi iyakar saninsa tun farko ba ya shiga wannan hali.

Daren 29

Yanzu na zo inda ba zan iya cewa rashin fahimta ce kawai ba.

Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da hantsi, rana ta yi husufi cikakke a kan Gusau da Katsina da ƙasar Agye da Gazawa. An sanar tun kafin ranar, da sa'a da minti, kuma duhu ya sauka a lokacin da aka ce. Mutane suka yi salla kamar yadda sunna ta koyar. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya fara raba husufi da camfi, ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu mutane suka danganta abin da rasuwar, ya hana su. Babu wanda ya ce masu lissafin 2006 sun yi duba. Kowa ya ga shaidarsu ta tabbata a kansa.

Husufin rana ba ya faruwa sai lokacin da wata ya shiga tsakanin ƙasa da rana, kuma wannan lokaci shi ne ƙarshen tsohon wata. Kafinsa babu jinjiri. Lissafin da ya faɗi mintin husufi shi ne dai yake faɗin mintin wannan haɗuwa a kowane wata.

Ranar Litinin 8 ga Afrilu 2024 ita ce 29 ga Ramadan a Nijar. A Maraɗi rana ta faɗi wajen ƙarfe bakwai saura kwata. Kimanin rabin sa'a bayan haka, ƙarfe 7:17 agogon Nijar, husufin rana ya kai tsakiyarsa a kan Meziko, miliyoyin mutane a can da Amurka da Kanada suna kallon wata ya rufe fuskar rana. A wannan dare aka sanar a Nijar cewa an ga jinjirin Shawwal a wasu garuruwa, aka yi salla ranar Talata. Najeriya da Saudiyya suka cika talatin suka yi ranar Laraba. Lokacin da masu shaida suka dubi yamma, wata bai ma kai ga rana ba, balle ya wuce ta ya sami hasken da za a gani.

Ba na cewa masu shaidar maƙaryata ne. Ido yana ruɗuwa da siririn gajimare, da layin hayaƙin jirgi, da ƙaguwar mai azumin da ya san abin da yake nema. Ba na kuma taɓa ibadar talakan da ya bi sanarwar hukuma, wannan hukuncin malamai ne kuma ya yi abin da aka umarce shi. Amma a nan shaidar mutum adali ta ci karo da hujjar da aka gwada aka ga ba ta kuskure, kuma ba za a ce duka biyun sun yi daidai ba.

Matsayin mazhabarmu sananne ne: wata yana tabbata da ganin adalai biyu, ko jama'a mai yawa da ba za ta haɗu a kan ƙarya ba, ko cika talatin, kuma Muhtasar ya fito fili cewa ba a dogara da maganar mai lissafin taurari. Ba na neman a rushe wannan. Amma littafin nan dai ya kawo wata mas'ala: idan adalai biyu suka ce sun ga wata, aka ƙirga talatin daga ganinsu, sama tana garau kuma ba a ga sabon wata ba, to an ƙaryata su. Ke nan Malikiyya da kanta ta yarda cewa sama tana iya rushe shaidar adali. Malamin Shafi'iyya Taƙiyyuddin al-Subki, wanda ya rasu a 1355, ya ƙara taki ɗaya: idan lissafi tabbatacce ya nuna ganin ba zai yiwu ba, alƙali ya mayar da shaidar, domin sharaɗin karɓar shaida shi ne abin da aka shaida ya zama mai yiwuwa. Bai ce a fara azumi da lissafi ba. Ya bar tabbatarwa a hannun ido, ya ba lissafi ikon korewa kawai. Mai lissafin da malaman farko suka yi kashedi a kansa shi ne wanda yake haɗa ƙirgen taurari da duba, kuma yana yawan kuskure. Katsina kanta ta fitar da masanin lissafi irin Muhammad ibn Muhammad al-Kashnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, don haka ba baƙon ilimi ake roƙon mu karɓa ba.

Abin da nake ba da shawara ƙarami ne kuma ba ya buƙatar sabuwar fatawa a kan asalin mas'alar. Alƙali yana da ikon yi wa mai shaida tambayoyi, kuma a kan wata tambayoyin sanannu ne: ƙarfe nawa ka gan shi, ta dama ko ta hagun inda rana ta faɗi, tsawon me daga ƙasa, ƙahonninsa ina suka fuskanta, minti nawa ya yi kafin ya ɓace, su wa ke tare da kai? Wanda ya ga wata da gaske amsoshinsa za su dace da inda watan yake. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi tana da malaman lissafi da kimiyyar da za su iya fitar da takarda guda a kowace shekara, da boko da ajami, mai nuna lokacin haɗuwar wata da rana, da faɗuwar rana, da faɗuwar wata, ga Gidan Rumji da Tibiri da Agye da Gazawa. A kai ta hannun limamai da sarakunan da suke karɓar shaida tun kafin Sha'aban, kuma malaman jami'ar su je da kansu su zauna a zaure a yi musu tambayoyi. A watannin da ba na azumi ba, su fita bayan gari tare da ladanai da almajirai ranar 29 da ranar 30, a duba takardar, a duba yamma, a rubuta abin da aka gani da sunan wanda ya gani. Bayan shekara biyu ko uku limamin Gidan Sori zai san da kansa sau nawa takardar ta yi daidai, kuma a lokacin ne za a tambaye shi ko zai yarda ta shiga cikin abin da yake tantance shaida da shi.